Idanun zomayena sun kumbura, an ce mini miksomatos ce. Wa ya taɓa ganinta a Maradi?

Sani_Mokoyo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema da gaggawa. Ina da zomaye 23 a bayan ɗaki nan Mokoyo, shekara biyu ina kiwo ban taɓa ganin irin wannan ba. Akwai wata uwa fara babba da na saya jika biyar a kasuwar Juma'a, yau kwana shida. Shekaranjiya na ga idonta ɗaya yana ruwa. Jiya da safe fatar idanun duka biyu ta kumbura, kwantsa ta manne su kamar an shafa danƙo. Yau hanci ma ya kumbura, kunnuwa sun yi nauyi sun kwanta, na sa mata ganyen dankali ko shinshinawa ba ta yi ba. Namijin da ke kejin kusa da ita shi ma ido ya fara ja. Na tura ma wani abokina hoto, ya ce sunan cutar miksomatos, ba ta da magani, in yanka duka in huta. Gaskiya ne? Kuɗin makarantar yara ne cikin kejin nan wallahi.

Hajiya_Burja:
Wa alaikumus salam. Allah shi kyauta Malam Sani. Kar ka yanka komi tukuna. Bara nawa sunka yi haka, hanci da bakin kunne da yatsu duk sunka yi ɓawo fari kamar an barbaɗa gari, ashe ƙazwa ce. Allura ukku anka yi musu, ko guda ban rasa ba. Mutane da sun ga abu cikin waya sai su laƙa mishi suna mai ban tsoro.

Abdu_Kabukabu:
Samu kafson amoksisilin ka buɗe biyu ka zuba a ruwan shansu. Kajina da shi nake yi, kwana biyu sun miƙe.

Rabi_Jinya:
Malam Abdu, don girman Allah ka janye wannan shawarar kafin wani ya ɗauka. Amoksisilin, ampisilin, penisilin, linkomisin, duk wanda aka ba zomo ta baki kashe shi yake yi. Cikin zomo ba na kaza ba ne. Yana da wata babbar jaka a hanji cike da ƙwayoyin halitta da ke narka masa ciyawa. Maganin nan yana share masu amfanin ya bar miyagun, sai zawo ya ɓarke, zomon da ya zo da ciwon ido ya tafi da ciwon ciki.

Malam Sani, ni ba likita ba ce, jinyar dabbobi nake yi ƙarƙashin likita a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, kuma ba a yanke wa cuta hukunci da hoto. Amma akwai abin da za ka duba da hannunka. Abin da Hajiya ta faɗa, ƙazwa, busasshen ɓawo ne, zomo yana ta susa, amma yana cin abincinsa ƙalau. Majinar zomaye kuwa atishawa ce, za ka ga gashin cikin ƙafafun gaba ya jiƙe ya dunƙule saboda share hanci. Ita miksomatos kumburi ne mai laushi kamar an ɗura ruwa ƙarƙashin fata: fatar ido, leɓe, hanci, gindin kunne, har kan ya yi kamar na zaki. Ga zazzaɓi, ga ƙin ci. Je ka ɗaga wutsiyarta a hankali ka duba gabanta da duburarta. Ka faɗa mana abin da ka gani.

Abdu_Kabukabu:
To likita, na janye. Ban san da bambanci ba.

Sani_Mokoyo:
Malama Rabi na duba. Wurin ya kumbura sosai, ya yi ja. Babu ɓawo ko kaɗan. Jikinta kuma zafi rau.

Rabi_Jinya:
To wannan bai yi kama da ƙazwa ba. Ban ce ita ce ba, gwaji ne kaɗai zai ce, amma daga yanzu ka yi aiki kamar ita ce, don in ka jira tabbaci keji zai wofinta.

Fitar da ita da namijin nan yau, ka kai su nesa da sauran, kowa kejinsa, ka lulluɓe da sange. Sauran masu lafiya ma sange. Wannan ne babban aikin, ya fi duk wata allura, domin sauro da ƙuma su ne manyan masu ɗaukar cutar. Ƙwayar ba ta hayayyafa cikin sauro kamar ta zazzaɓin cizon sauro, a bakinsa kawai take manne. Ya ciji kumburin mai ciwo, ya tashi ya ciji mai lafiya, shi ke nan, kamar an yi wa mutum biyu allura da sirinji ɗaya. Ruwan ido da majina ma suna ɗauke da ita, saboda haka kullum ka fara ba masu lafiya abinci, marasa lafiya su zama na ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu ka canza riga. Kwanon ci da na sha kar su gauraya. Kejin da ta tashi daga ciki ka kankare kashin tukuna, ka wanke da ruwan jabel, ka shanya a rana.

Kuma gobe da safe ka je ma'aikatar kiwo ka sanar. Cutar tana cikin jerin waɗanda hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OMSA, take son a ba da rahotonsu. Babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai yake, su ma'aikatan kiwo ne za su faɗa maka yadda ake yi da samfur.

Alhaji_Jiratawa:
Ni dai shekara goma sha biyar ina kiwon zomo bakin lambu, inda sauro ya fi ko'ina yawa, ban taɓa ganin wagga cuta da idona ba. Abin da ka kashe mana zomaye ukku ne: zahin watan huɗu, zawon ƙanana bayan yaye, sai ƙazwa in anka yi sakaci. Ban ce ɗiyata Rabi ta yi kuskure ba, amma cutar Turawa ce wagga, mi ya kawo ta Mokoyo?

Dalibi_Agro:
Baba Alhaji, asalinta ma ba ta Turawa ba ce. Daga Kudancin Amurka take. Akwai wani ƙaramin zomon daji a can da ke ɗauke da ƙwayar tun fil azal, shi ɗan ƙullutu kawai take yi masa a fata ya warke. Zomon gida ne, wanda asalinsa daga Sifaniya da Fotugal yake, ba ya iya jure ta. An fara gane ta a 1896 a Montebidiyo ta ƙasar Urugwai, lokacin da ta kashe wa wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Sanarelli, zomayen ɗakin gwajinsa. Danginsu ɗaya da ƙwayar agana, da ta ƙurajen nan da ke fito wa kaji a tsoro da fuska lokacin sauro.

Yadda ta zagaya duniya kuwa mutum ne ya kai ta da hannunsa. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostareliya don ya riƙa farauta. Suka hayayyafa har suka kai wajen miliyan 600, suka cinye makiyayar tumaki. A 1950 gwamnati ta saki cutar da gangan, cikin shekara biyu suka koma wajen miliyan 100. A Faransa kuma wani likita, Paul-Félix Armand-Delille, ya gaji da ɓarnar zomaye a gandunsa na Maillebois, ya yi wa biyu allurar ƙwayar a watan Yunin 1952, yana ganin katanga za ta tsare. Sauro ina ruwansa da katanga. Cikin 'yan shekaru kusan kashi 90 cikin ɗari na zomayen dajin Faransa suka mutu, a 1953 ta tsallaka Ingila. Kotu ta ci shi tara, masu kula da gandun daji kuma suka ba shi lambar yabo.

Saboda haka Baba, zomayenmu na gida jinsi ɗaya ne da waɗancan. Duk inda ƙwayar ta iso da zomo a kwali, sauronmu zai ƙarasa aikin.

Alhaji_Jiratawa:
Tara da lambar yabo a kan laifi guda! Duniya labari. To yaro ka yi karatu, amma har yanzu ba ka ce mini ta iso ba.

Dalibi_Agro:
Ban ce ba Baba. Shi ya sa Anti Rabi ta ce a kai gwaji.

Maharbin_Gabi:
Ni abin da ya dame ni na daji. Mu nan wajen Baban Rafi muna kama zomo da kare bayan girbi. In cutar nan ta shiga daji ke nan zomo ya ƙare kamar na Faransa?

Dalibi_Agro:
Malam maharbi, tambayarka ta fi ta kowa daɗi. Mu Hausawa suna ɗaya muka ba su, amma dabbobi biyu ne. Kai da kanka faɗa mana, zomon daji yana haƙa rami? Kuma yaya 'ya'yansa suke in an haife su?

Maharbin_Gabi:
Ba shi gina rami. Gindin sabara ko cikin ciyawa yake ɗan share wuri ya laɓe, ka zo har ka kusa taka shi sannan ya zabura. Ɗiyan kuwa na sha tsintarsu, da gashinsu, ido buɗe, kamar an rage babba. Kuma ba su rayuwa a gida, na gwada har sau ukku, ƙin ci suke yi su mutu. Namansa ma ja ne, na gida fari.

Dalibi_Agro:
To ka ba da amsar. Na gida yana haihuwar 'ya'ya tsirara, ido rufe, cikin sheƙar da uwa ta yi da gashin ƙirjinta, kuma kakanninsa a rami suke zama jama'a guda. Wannan shi ne wanda Turawa ke da shi a daji, shi cutar ke kashewa. Namu na daji ɗan wani gida ne, dogon kunne da dogon ƙafa, kuma danginsa ba kasafai cutar ke kama su ba. Sai dai a 2018 wani sabon nau'in ƙwayar ya ɓulla a Sifaniya ya kashe irin wannan zomon dajin nasu da yawa. Saboda haka in ka ga na daji zaune tsakar rana da kumburarrun idanu bai gudu ba, kar ka rataya shi ka shigo da shi gari.

Hajiya_Burja:
Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yau ga dalili.

Lawal_Jibiya:
Ku yi haƙuri in shigo daga tsallaken iyaka. Ni abin da na fi tsoro ba wannan ba ne. A 2020 wata cuta ta shiga gonakin zomaye a Najeriya, wajen Kwara da Oyo, mai sa zubar jini a ciki. Wani abokin cinikina da ke sayo manyan iri daga kudu ya kwanta da zomaye lafiya lau, ya tashi ya tarar da fiye da rabi a miƙe, wasu da ɗan jini a hanci. Ba kumburi, ba kwantsa, ba komai. Malam Sani, ka tabbata ba ita ba ce?

Rabi_Jinya:
Malam Lawal, wannan daban ce, ita hanta take ci, kuma ba ta ba ka lokacin jinya, kwana ɗaya zuwa uku ta gama. Ta Malam Sani tana ja a hankali da kumburi, mai tsananin miksomatos tana kai zomo kwana goma zuwa sati biyu kafin ya cika. Amma ƙofar shigarsu ɗaya ce: sabon zomo daga kasuwa kai tsaye cikin garke. Malam Sani ban faɗa don in ƙara maka zafi ba, amma ko zomon ɗan'uwanka ne, ya yi aƙalla sati biyu shi kaɗai kafin ya ga sauran. Har namijin aro na barbara.

Sani_Mokoyo:
Gaskiya ne, laifina ne. Na gan ta da girma na ruɗe. Na raba su, na ɗaura sangen ɗakina a kan nasu, maiɗakina tana ta dariya wai zomo ya kwana a sange maigida ya kwana a fili. Yanzu ita mara lafiyar me zan yi mata? Tana zaune wuri ɗaya tana taune haƙora.

Rabi_Jinya:
Taunar haƙoran nan ciwo ne, haka zomo yake kuka. Bari in faɗa maka abin da muke yi, amma in fara da gaskiya: babu maganin da ke kashe ƙwayar. Jinya ce kawai, a riƙe jiki ko zai iya yaƙin da kansa. Kuma zomon da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, in nau'i mai tsanani ya kama shi, da wuya ya tashi.

Hanci ne farko. Zomo da hanci kaɗai yake numfashi, ba kamar kare ba. In majina ta bushe ta toshe shi, ya shiga uku. Tafasa ruwa da ɗan gishiri kaɗan, ka bari ya huce ya zama ɗumi, ka jiƙa auduga ka ɗora a kan hancin na ɗan lokaci har busasshen ya yi laushi, sannan ka share. Kar ka ɓamɓare. Idon ma haka, kowane ido da audugarsa, daga wajen hanci zuwa wajen kunne, sau uku ko huɗu a yini.

Sai ci. Zomo ba ya azumi. In ya wuce rabin yini bai ci ba hanjinsa ya fara tsayawa, wannan kaɗai yana kashe shi ko da cutar ba ta kashe ba. In kana da abincinsu na buhu, jiƙa shi ya narke kamar kunu mai kauri, ko ka daka ɗanyen ganyen da ta saba ci ka haɗa da ruwa. Samu sirinji ka cire allurar, ka ɗan yanke bakin don ya wuce. Naɗe ta da tsumma kamar jariri, kai kaɗai a waje, ka zaunar da ita a cinyarka ƙafafu ƙasa, kar ka kwantar da ita rigingine, za ta shaƙe. Bayan manyan haƙoran gaba akwai fili babu haƙori, ta nan gefe za ka zura bakin sirinjin. Ɗan kaɗan, ka tsaya ta tauna ta haɗiye, sannan ka ƙara. Wani lokaci ina shafe minti ashirin a kan abin da bai fi cokali uku ba, hannu duk ya ɓaci, ita kuma tana juya kai. In ta bar abincin yana zuba daga baki ba ta haɗiyewa, dakata. Ruwa ma haka. Tunda ba ta gani, kwanon ruwa da ganye su zauna daf da bakinta, kar ka riƙa canza musu wuri. Kullum ka duba kashinta, in ya ƙanƙance ko ya ɗauke, hanji ne ke tsayawa.

Maganin ciwo akwai, meloksikam, da maganin ƙwayoyin da ke bin baya su kama huhu, don sau da yawa ciwon huhun ne ke ƙarasa su. Waɗannan likita ne zai auna nauyinta ya rubuta. Wanda kuma zai ce maka a yi mata deksa don kumburi ya sauka, ka ƙi. Cutar da kanta garkuwar jiki take karyawa, deksa ƙara karyawa zai yi.

Issufu_Liyon:
Sannunku 'yan gida. Ni a Faransa nake aiki, nan cutar ba labari ba ce. Ƙarshen bazara in kana tafiya bakin gona za ka ga zomon daji zaune a gefen hanya, ido a rufe, ka zo har kansa ba ya motsi. Na farko da na gani na ɗauka rabo ne, abokin aikina ya ce kar in taɓa. Maƙwabciyata kuma tana da zomo a falo, da sunansa da katin asibiti, duk shekara allura ɗaya, Nobivac Myxo-RHD Plus, tana haɗa miksomatos da cutar da Malam Lawal ya faɗa. Daga sati biyar da haihuwa ake farawa. Likitanta ya ce ko zomon bene na biyar sai an yi masa, tunda sauro ba ya neman izini. Kuma nan in ana jinyar mai cutar ɗumama masa ɗaki ake yi, wai zafi yana taimaka masa.

Abdu_Kabukabu:
Zomo da katin asibiti! Ni da nake mutum ban da shi.

Rabi_Jinya:
Yaya Issufu maganar ɗumi gaskiya ce, an lura zomon da ke wuri mai ɗumi ya fi jure cutar a kan wanda ke cikin sanyi. Amma shawarar ƙasar sanyi ce. Mu nan in hunturu ne, ka kare shi daga iskar dare, ka shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa. Yanzu kuwa da rana ke dukan kwano, kar wani ya ji wannan ya kai mara lafiya rana. Zomo ba ya gumi, da kunne yake fitar da zafi, ga kunnen ya kumbura. Inuwa mai iska kawai.

Rigakafin kuma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, kuma sai ya yi kamar sati uku a jiki kafin ya fara kariya. Wanda aka yi wa ma yana iya kamuwa, sai dai tasa takan zo da sauƙi, 'yan ƙulluta a fata, kuma irinsu ne jinya ke tayarwa.

Hajiya_Burja:
To ina ake samun allurar nan a Maradi? Ni zan saya.

Lawal_Jibiya:
Hajiya, na zagaya shagunan maganin dabbobi huɗu a namu ɓangaren bara, na kaji da na awaki ne cike, da na ce na zomo sai aka yi mini kallon wanda ya zo da wasa. Ɗaya ya ce zai kawo mini a aljihu daga kudu. Na ce a'a.

Rabi_Jinya:
Ka yi daidai. Rigakafi ne mai rai, sai a firji tsakanin digiri 2 da 8 tun daga kamfani har jikin zomo. Wanda ya yini a aljihu cikin mota ruwa ne kawai ka saya. Hajiya ki bi ta hannun likitan dabbobi, shi ya san abin da aka yarda a shigo da shi.

Dalibi_Agro:
Abin mamaki, a Ostareliya an hana rigakafin miksomatos gaba ɗaya, ko na zomon falo, don tsoron kar kariyar ta tsallaka ga na daji. Su ma raga da sange suke yi kamar Malam Sani. Kuma can ɗin cutar ba ta gama da zomaye ba. Nau'in da ke kashewa da sauri yakan mutu tare da zomon kafin sauro ya kwasa, wanda ke ja a hankali shi ya fi yaɗuwa, zomayen da suka tsira kuma suka haifi masu juriya.

Mamman_Tibiri:
Ni tambayata ta ciki ce. In an yanka kafin ta mutu ana ci? Jika biyar ba wasa ba.

Dalibi_Agro:
Ba ta kama mutum. A Ostareliya da mutane suka tsorata, manyan masana uku, Frank Fenner da Macfarlane Burnet da Ian Clunies Ross, suka yi wa kansu allurar ƙwayar, babu abin da ya same su. Kare da kyanwa da kaji da awaki ma ba ta kama su.

Rabi_Jinya:
Ba ta kama mutum, haka ne, amma Malam Mamman dabbar da ta yi kwanaki cikin zazzaɓi, huhu da mugunya, wataƙila da magani a jiki, ba nama ba ce. Ni ba zan ba 'ya'yana ba. Kuma wurin fiɗa, fata da kai da ake jefarwa juji su ne cike da ƙwayar, ƙudaje da ƙuma su kwasa. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Wanda ya fi muni shi ne a ga ciwo ya shigo a kwashe sauran a kai kasuwa ranar Litinin. Wataƙila haka aka yi wa Malam Sani.

Umma_AliDanSofo:
Ni dai tausayin dabbar nake ji. Makaho, ba ci, ba numfashi, ana ta ɗura mata abu. Ba gara a hutar da ita ba? Ba dukiya kaɗai ba ce, rai ce.

Rabi_Jinya:
Umma kin taɓo inda ya fi mini wuya a aikin nan. A Turai ma yawancin likitoci shawarar da suke bayarwa ke nan ga wanda ba a yi wa rigakafi ba. Ni ma'aunina: in tana haɗiyewa, tana ɗaga kai in an taɓa ta, kashi yana fita, ina ci gaba. Ranar da na ga zomo ya miƙe wuya sama yana buɗe baki don ya sha iska, na san an wuce wurin, ci gaba da ɗura azaba ce. Kuma mai zomaye 23 ya tuna kowane kwana da ta ƙara, tana nan a matsayin rijiyar da sauro zai ɗiba. Shawarar ta mai dabba ce da likitansa.

Mamman_Tibiri:
Ga sauron kuma, a fesa piya-piya cikin kejin kawai a huta.

Rabi_Jinya:
A'a! Guba ce, zomo yana lasar jikinsa yini guda, hancinsa kuma ba ya ɗaukar wannan warin. Maganin ƙuman karnuka ma mai fiforonil, irin Frontline, yana kashe zomo, kar a ɗiga masa. Akwai wanda ya dace da su, likita zai nuna. Malam Sani, sangen kuma kar ya taɓa wayar keji, za su jawo shi su ci, ga shi da magani a jiki. Kafa sanduna ka ɗaura shi da tazarar taƙi ɗaya, ka danne ƙasan da bulo, ka sauke tun kafin magariba. Ka zagaya gidan ka kifar da tsohuwar taya da fasasshen tulu da duk abin da ruwan sama ya kwanta.

Sani_Mokoyo:
Jama'a ga labari. Na je ma'aikatar kiwo da safe, wani ma'aikaci ya biyo ni har gida, Allah ya saka masa. Uwar ta cika kafin mu iso, tun asuba ta fara buɗe baki kamar yadda Malama Rabi ta ce. Ya yanki fatar ido da wurin kumburin ya sa a kwalba cikin ƙanƙara, sauran mun binne. Bai ce ita ce ba, bai ce ba ita ba ce. Namijin kuma da ya duba ya ce akwai ɓawo a yatsunsa da cikin kunne, ya yi masa allurar ibamektin ya ce a maimaita bayan sati biyu. Yana cin harawa. Idon dai har yanzu ja ne.

Hajiya_Burja:
Allah shi maida alheri. Kun gani ko, na ce ƙazwa.

Rabi_Jinya:
Hajiya namijin kam yana iya zama ƙazwa, uwar kuwa ƙazwa ba ta yin haka. Zomo ɗaya ma yana iya ɗaukar biyun. Malam Sani kar ka maida shi cikin sauran, kar ka sayar, kar ka sayo, kar ka ba da aron namiji har sati uku su wuce ba wanda ya sake kumbura. Kowace safiya ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ido, gindin kunne, ƙarƙashin wutsiya.

Alhaji_Jiratawa:
Ni ina nan kan bakata sai na ga takardar gwaji. Amma na aiki yaro ya sawo sange biyu, ba don na yarda ba, don sauron bana ya yi yawa.

Maharbin_Gabi:
Malam Sani wane layi ka sayi uwar a kasuwa? Ƙanena yana son ya sayo biyu ranar Juma'a, in hana shi.

Sani_Mokoyo:
Ba mai shago ba ne, wani ne ya zo da su cikin kwali a bayan babur, ban san shi ba. Guda shida ne a kwalin. Kafin in bar wurin an sayi huɗu.